Kundin Gyaran Gida: Daga Kafin Alƙalami Zuwa Ciko

3 ga Maris

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda kuɗi ke fita da yadda aiki ke tafiya a gyaran gidan da muka ƙudura, wato sauya rufi, sabunta bututun ruwa da wayoyin lantarki, da gyaran banɗaki da kicin. 'Yan kwangila uku sun zo sun duba gidan, kowannensu ya aiko da ƙiyasinsa. Jimillar kuɗinsu ba ta yi nisa da juna ba, inda suka rabu shi ne lokacin biya. Na farko yana son kashi 60 cikin 100 tun kafin ya jingina tsani a bango, na biyu ya nemi kashi 30, na uku kuwa ya ce kada in ba shi komai sai ranar da ya miƙo mini makullai.

Uwargida ta karkata ga na ukun, kuma na fahimci dalilinta, amma tayin nasa ya fi na farkon sa ni tunani. Mutumin da zai sayi kwano da katako da siminti, ya biya leburori na tsawon wata uku ba tare da ya karɓi komai ba, ko dai yana da jari mai kauri, ko dila na ba shi kaya bashi, ko kuma da kafin alƙalamin wani maigidan zai yi mini aiki. Idan bashin dila ne, ribar dilan tana ɓoye a cikin farashin da zan biya. Idan kuɗin wani maigidan ne, ranar da wancan maigidan ya tayar da ƙayar baya aikina ne zai tsaya. Ban da haka, wanda ke kashe kuɗin aljihunsa yana da dalilin sayen kaya mafi araha da kuma hanzarta rufe aiki, ni kuwa ba ni da bakin tambayar rasit ɗin abin da ban biya ba.

9 ga Maris

Na ɗauki kwanakin nan ina duba yadda wasu suka warware wannan matsala, domin ba yau ta fara ba. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila, waɗanda suka haura shekaru 3,700, doka ta 228 ta ɗora ladan magini ne a kan kammala ginin, ta 233 kuma ta ce idan bango ya karkace magini ne zai gyara shi da kuɗin kansa. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta hana ɗan kwangilar gyaran gida karɓar kafin alƙalami fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangilar ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta, sannan ta hana shi karɓar biyan da ya wuce ƙimar aikin da ya yi ko kayan da ya sauke. A fiƙihun Musulunci akwai cinikin istisna'i, wato ba da kwangilar ƙera abu, wanda ya bambanta da cinikin salam da ake biya gaba ɗaya tun farko. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta a jinkirta kuɗin istisna'i dukansa ko a biya shi kashi-kashi a lokutan da aka ƙayyade.

Abin da na tsinta daga duka wannan shi ne tambayar da nake yi tun farko ba ta daidaita ba. Kuɗin kwangila iri biyu ne a haɗe, akwai kuɗin kaya akwai kuɗin hannu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Kaya dole a biya su kafin a yi aiki da su, amma da zarar sun shigo gidana sun zama nawa, ko ɗan kwangila ya gudu suna nan. Kuɗin hannu kuwa idan ya riga aiki fita, babu abin da ya rage mini sai alƙawari.

Da wannan na koma wurin ɗan kwangila na biyun. Na ce masa, "Malam, me kashi 30 ɗin nan zai saya?" Bai ɓata rai ba, ya lissafo kwano da katako da ƙusa da hayar katakon hawa da kuɗin dako. Da muka ware kayan gefe, abin da ya rage na fara aiki bai kai kashi 10 na kuɗin hannu ba.

16 ga Maris

Mun sa hannu a yarjejeniya, kowa da kwafinsa, da shaida ɗaya daga kowane ɓangare. Kaya shi zai zaɓa, ni zan biya dila kai tsaye ta banki, rasit da sunana. Kuɗin hannu an raba shi shida: kashi 10 yau, 25 bayan rufi ya tsaya kuma an gwada shi da ruwa, 20 bayan an gwada bututu da wayoyi kafin a rufe su, 20 bayan filasta da tayil, 20 ranar kammalawa, sai kashi 5 da zan riƙe har wata shida saboda aibin da ka iya bayyana daga baya. Na nace kowane biya ya rataya a kan abin da ido zai gani ko ma'auni zai nuna, na ƙi yarda a ɗaura shi da ranakun wata, domin ranar wata tana zuwa ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Shi ma ya kawo sharaɗinsa, kuma ya yi daidai: duk matakin da ya ce ya gama, sai in duba shi cikin kwana biyu in kuma biya cikin kwana uku. Mun ƙara da cewa duk wani canji ko ƙarin aiki sai an rubuta shi da kuɗinsa kafin a taɓa shi.

24 ga Maris

Kwano da katako sun iso. Mun ƙirga tare da shi a gaban direba, an sami gibin kwano huɗu, dila ya ciko su da yamma.

2 ga Afrilu

Da aka yaye tsohon rufi sai ga kusan kashi ɗaya cikin uku na katakon da muka yi zaton za a bari ya ruɓe, musamman ta wajen da ruwa ke taruwa a kwarin rufin. Wannan ba ya cikin ƙiyasi, kuma ba laifin kowa ba ne, tunda babu mai ganin abin da ke tsakanin silin da kwano sai an buɗe. Ɗan kwangila ya nemi in ba shi tsabar kuɗi nan take ya sayo katako ya kuma sallami kafintoci kan ƙarin aikin, yana cewa gida a buɗe ba ya jiran takarda. Gaskiyarsa ce, hadari na iya tasowa. Sai dai takardar ba ta ɗauke mu minti ashirin ba. Mun rubuta adadin katakon da ƙarin kuɗin hannu a bayan yarjejeniyar, muka sa hannu, na tura wa dila kuɗin katako kafin azahar, ƙarin kuɗin hannun kuma aka haɗa shi da biyan matakin rufi. Na lura cewa a irin wannan rana ce, ranar da ake gaggawa kuma kowa na da gaskiya, tsarin biya ya fi saurin rushewa, domin kunya takan hana mutum cewa a rubuta.

11 ga Afrilu

Jiya ya ce rufi ya kammala. Muka hau da tiyo muka sake ruwa a kan kwarin da bakin bango na kusan rabin awa, ni kuma na shiga ƙarƙashi da tocila. Wuri ɗaya ya yi yoyo, inda kwano ya haɗu da bango. Bai yi gardama ba, kuma ban ga dalilin da zai yi ba, tunda kashi 25 na jiran wannan ɗigon ya tsaya. Yau da safe aka gyara, aka sake gwadawa, na tura kuɗin yana tsaye a gabana.

19 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan ko da ba ya yi mini daɗi. Kabad ɗin kicin ba sa cikin kwangilar, wani kafinta daban na ba wa, wanda na ga aikinsa a gidan wani abokina ya burge ni. Ya nemi kashi 70 cikin 100, hujjarsa ita ce kayan da aka yanka daidai da awon kicin ɗina ba za su sayu a wurin kowa ba idan na fasa. Hujjar tana da ƙarfi, domin mai ƙera abu na musamman yana cikin haɗarin da mai buga rufi ba ya ciki. Na biya, ba tare da na nemi ya raba kuɗin allo da maƙalai da hannaye daga kuɗin hannunsa ba, kuma ba tare da rubutacciyar ranar kawowa ba sai ta baki, wai mako uku. Duk abin da na tsaya a kansa da ɗan kwangila na sake shi a nan, saboda kawai sanayya ta shiga tsakani.

28 ga Afrilu

Makon nan abu biyu suka faru, ɗaya ya nuna amfanin tsarin, ɗaya ya nuna aibina.

An gama shimfiɗa bututu a cikin bango, mai aikin famfo yana son birkila ya rufe ramukan washegari domin kada a rasa rana. Na ce sai an yi gwajin matsi kamar yadda aka rubuta: a toshe bakunan, a cika bututun da ruwa, a ɗaura ma'auni a bar shi ya kwana. Da safe allurar ta sauka. Mahaɗa ɗaya ce a bayan inda za a kafa shawa ba ta kama sosai ba, gyaran bai ɗauki awa guda ba. Da an rufe ta da filasta da tayil, da sai bayan watanni bango ya fara jiƙa ta ɗaya gefen, a fasa tayil ɗin da aka biya domin a kai ga abin da ba a biya komai ba wajen gyara shi yau. Tun daga nan na ƙara gamsuwa cewa wurin da ya fi dacewa a tsayar da biya shi ne daidai gaɓar da wani aiki zai binne wani.

Na biyun kuwa, tafiya ta kama ni, na bar biyan kashi 20 ɗin ya kai kwana shida maimakon uku. Da na dawo na tarar leburori biyu ba su zo ba. Ɗan kwangila ya ce mini, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba, "Ranka ya daɗe, ni zan iya jiran ka, amma yaran nan kullum ake sallamar su, kuma daga aljihuna nake yi tun da aka fara bututu." Ba ni da amsa. Duk kwanan da kuɗina ke bayan aiki, shi ne yake ba ni bashi, ba tare da riba ba, kuma a ƙarshen layin akwai wanda guminsa ya bushe tuni bai karɓi haƙƙinsa ba, abin da hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya yi umarni a guje wa. Na ba shi haƙuri na biya nan take.

Wannan tsoro na masu aiki shi ma doka ta san da shi. A Amurka tun 1791, lokacin da ake shirin gina birnin Washinton, jihar Merilan ta kafa dokar da ta ba magini damar ɗora da'awarsa a kan gidan da ya yi wa aiki idan ba a biya shi ba, kuma irin wannan doka ta bazu a sauran jihohin. A wurare da dama a can har dila da ƙaramin ɗan kwangila na iya yin haka ko da maigida ya riga ya biya babban ɗan kwangila. Saboda haka daga yanzu kafin kowane biya zan tambayi mai famfo da mai lantarki da kaina ko an sallame su kan matakin da ya wuce.

10 ga Mayu

Mako uku na kafinta sun cika, babu kabad. Na je shagonsa na tarar yana kan aikin wani, alluna na jingine a kusurwa ko yanka su ba a yi ba. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma karin maganar ba ta faɗi ranar askin ba. Ban ɗauke shi macuci ba, lissafi ne kawai ya juya mini baya. Abin da ya rage zai karɓa daga gare ni kashi 30 ne, aikin da ya rage a kansa kuwa kusan dukansa ne, alhali sabon mai aiki yana riƙe da kashi 70 sabo fil a hannu. Duk wanda aka ajiye wa waɗannan biyun a gabansa ya san wanda zai fara ɗauka. Ɗan kwangila, wanda kullum aikinsa ke gaban kuɗinsa da ɗan taƙi, bai taɓa fashin rana ba sai lokacin da ni na yi jinkiri.

A Birtaniya sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya sa kamfanin katin bashi ya zama abokin tarayya a alhaki idan mai sayarwa ya saɓa yarjejeniya, kan abin da farashinsa ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, ko da kafin alƙalamin kawai aka biya da katin. Ni ta tura kuɗi kai tsaye na biya, babu wani na uku a tsakaninmu. Abin da na iya yi shi ne na sa ya rubuta mini takarda cewa allunan nan nawa ne, da ranar kawo kabad na ƙasa da ranar kawo na sama.

21 ga Mayu

An zuba daɓen banɗaki, an shafa maganin hana ruwa ratsawa, muka toshe magudana muka tara ruwa na kwana biyu. Bai ragu ba, silin ɗin ƙasa kuma bai nuna danshi ba. Mai tayil ya so ya fara tun daɓen bai sha iska ba, injiniyan da na ɗauka ya riƙa leƙo mana ya hana. Siminti yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma sabon daɓe yana tsukewa yayin da yake bushewa, abin da kan sa tayil ya tsage ko ya ɗago.

Wannan jira ya buɗe wata ɓaraka a yarjejeniyarmu. Mataki na huɗu ya haɗa filasta da tayil a biya ɗaya, ga shi filasta ta gama tun kwana goma, tayil kuwa ba zai fara ba sai nan da makonni. Ɗan kwangila ya nemi rabin kuɗin matakin. Da farko na ji kamar roƙon adibas ne, irin wanda na sha alwashin ba zan ƙara yi ba bayan abin da ya faru da kafinta. Da na zauna na auna sai na ga ba haka ba ne, domin aikin da yake neman kuɗinsa yana nan a bango, na ɗora masa katako miƙaƙƙe ɗaki-ɗaki na ga ya daidaita. Kuskuren na tsarin ne, mun yi matakin da faɗi fiye da yadda ƙaramin ɗan kwangila zai iya ɗauka. Muka raba shi biyu a rubuce, kashi 10 na filasta na biya yau, kashi 10 na tayil na jira.

2 ga Yuni

Kafinta ya kawo kabad na ƙasa, kwana biyar bayan ranar da ya rubuta. Aikin yana da kyau ƙwarai, wannan ba zan hana shi ba. Ya nemi in ba shi wani abu daga cikon domin ya sayo maƙalan na sama. Na ce ya faɗi irinsu da adadinsu, na saya da kaina na kai masa, na cire kuɗin daga cikon. Bai ji daɗi ba, amma ya karɓa.

14 ga Yuni

Tayil ya kammala. Na bi shi ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba, bakwai suka yi ƙarar rami, alamar turmin bai cika ƙarƙashinsu ba. An cire su an sake, na biya kashi 10 ɗin. Fenti ya kai shafi na biyu. Mun zagaya da injiniya muka rubuta ƙananan gyare-gyare goma sha ɗaya, daga ƙofar banɗaki da ke gogar ƙasa zuwa makunnin fitila da aka kafa a karkace, kuma kashi 20 na kammalawa yana jiran a share wannan jeri.

A nan ne ɗan kwangila ya tayar da maganar kashi 5 ɗin da zan riƙe. Ya ce ya sa hannu a kai, bai musa ba, amma sau da yawa irin wannan kuɗi ba ya dawowa, maigida kan nemo aibi ko da babu, ko ya ce abin ya shige masa. Na san ba ƙage yake yi ba. A manyan ayyuka ma haka matsalar take: lokacin da kamfanin gine-gine na Carillion ya durƙushe a Birtaniya a watan Janairun 2018, ƙananan 'yan kwangila da yawa sun yi asarar kuɗaɗen da yake riƙe musu. Na tuna kuma da tsarin kwangilar FIDIC (ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya) na 1999 da ake amfani da shi a ayyukan ƙasa da ƙasa, inda ake sakin rabin kuɗin da aka riƙe ranar karɓar aiki, rabin kuma bayan wa'adin bayyanar aibi ya ƙare. Na yi masa tayin makamancin haka da ɗan bambanci. Rabin zai fita bayan ruwan sama mai ƙarfi na farko ya sauka a kan rufin ba tare da yoyo ba, ko bayan wata uku, duk wanda ya riga zuwa. Sauran rabin zai fita a cikar wata shida. Za a ajiye kuɗin a asusu na daban, in nuna masa shaidar ajiyar, kuma aibin da zai hana biya sai wanda injiniya ya tabbatar ya fito daga aikin hannu, ban da lalacewar amfani. Ya ce zai yi shawara da abokin aikinsa ya ba ni amsa jibi.

Abin da ya fita zuwa yau: kuɗin kaya duka, da kashi 75 na kuɗin hannun ɗan kwangila, da ƙarin aikin katako. Wajen kafinta kuwa na biya sama da kashi 70, rabin kabad ne a bango. Ya yi alƙawarin na sama ranar 20 ga wata, kuma mai fenti ba zai iya gama bangon kicin ba sai an kafa su.